Aska Takwas a Kan Kambas

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, har da mazan da ke laɓewa suna karantawa, in an kama su su ce ai wayar ƙanwarsu ce. Ina ganinku. Sunana Surayya, 'yar Fagge ce ni gaba da baya, shekarata ashirin da shida. Kafin wata ta rubuto min "to me kike jira?", ki adana datarki, Ummana ta riga ki. Sau uku take tambayata a rana kamar shan magani.

Abin da zan ba ku jiya Asabar ya faru. Amma ba za ku gane inda gizo ke saƙar ba sai na fara gaya muku sana'ata da kuma halin Babana.

Zane nake yi wa takalmi. E, takalmi, wanda ake takawa. Za a kawo min kambas fari sol, in zare igiyar, in goge shi da ruwan goge farce har sai sheƙin kamfani ya mutu, don in ba haka ba fenti ba ya kamawa. In bi gefen ƙasansa da salatif, sannan in fara shafa fenti siriri siriri, ina busarwa da handiraya, in sake shafawa, wani lokacin har hawa shida. Mai gaggawa ba ya wannan aikin. In ka lafta fenti da kauri, taku goma zai tsage a daidai inda yatsu ke lanƙwasawa, mai takalmi ya dawo yana maka kallon ɓarawo.

Da lalle na fara, tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake zana hannun amare. Ranar da abin ya koma ƙafa, a shagon ƙawata Chinenye ne a Sabon Gari. Tare muka yi sakandare, a nan aka haife ta, kuma in tana zazzaga Hausa ta waya sai ka rantse 'yar cikin gari ce. Takalma da jakunkuna take sayarwa. Ran nan manja ya ɗiga a kan wani sabon kambas tana cin doya, ta ɗora hannu a ka. Ni kuma don wasa na ɗauki alƙalamin fenti na rufe tabon da furen lalle. Bai gama bushewa ba wata ɗaliba ta shigo ta ce shi take so. Chinenye ta dube ni ta ce, "Suri, kin ga wannan kusurwar? Daga yau taki ce." Shekara biyu ke nan.

A gida kuwa abin da aka sani shi ne ina zuwa wurin Chinenye ina yi wa jakunkuna ado. Kar ku ce na yi ƙarya. Na taɓa yi wa jaka biyu.

Dalilin ɓoyewar shi ne Babana, Alhaji Nasidi na kasuwar Kwari, mai shadda da yadi. Na taɓa gwada zurfin ruwan. Na nuna masa hoton aikina a waya na ce, "Baba, ka ga abin da wata yarinya take yi." Ko gilashi bai sa ba, ya ɗan kalla ya ture wayar ya ce, "Allah ya shirya. Ɗiya mace ta zauna tana shafa takalmin ƙattin gari? Da tawa ce, ranar za ta yi sallama da ƙofar gida." Na ce, "Wallahi kuwa, Baba." Na koma ɗaki na sha kukana na ƙoshi. Ku gane, ba wai kawai sana'a ba ce. Ni bahaguwa ce. Tun ina rarrafe Baba ke bin hannuna na hagu da carbi, in na ɗauki cokali da shi, ƙwas, in na miƙa abu da shi, ƙwas, har na koyi yin komai da dama a gabansa. A kusurwar shagon Chinenye ne kaɗai hannun nan ke yin abin da yake so ba mai harararsa. In aka raba ni da wurin, ban san me zai rage min ba.

To ga kuma halin Baba, wanda duk layinmu an sani. Ba ya kallon fuskar manemi, takalminsa yake kallo. Yakan ce kowa ya iya wanke fuska ya gyara murya, amma ba wanda ke tuna ya koya wa takalminsa ƙarya. In manemi zai zo gaisuwa, Baba zai sa a shigar da shi falo, shi kuma ya yi zamansa a masallaci bayan La'asar, sai ya tabbatar baƙo ya zauna sannan ya taho a hankali ya tsaya a bakin ƙofa yana nazari. Akwai wani ɗan kwalisa da ya zo neman yayata, Baba ya tarar ya take bayan takalminsa ya mayar da shi silifas. Ya ce wanda ya kasa sunkuyawa ya sa takalmi daidai ba zai sunkuya ya ɗauki nauyin gida ba. Nawa na farko kuwa, bawan Allah, wari ɗaya ya kalli gabas wari ɗaya ya kife. Ko ruwan da aka kai masa bai shanye ba aka yi masa addu'ar Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Umma ta ce, "Alhaji, da wannan awon naka sai yaran nan su tsufa a gabanmu." Ya ce, "Hajiya, ke ai kin dace, ranar da na je gidanku ba takalmi a ƙafata."

Yanzu bari in shigo muku da Hambali.

Malamin lissafi ne a wata sakandare, ɗan Rijiyar Lemo, dogo, mai magana kamar ana auna masa ita da cokali. Wata takwas da suka wuce ya shigo shago da farin kambas a leda, ya ce ƙanwarsa ce ta saya masa, kuma farin ya yi yawa, ɗalibai sun daina kallon allo sun koma kallon ƙafarsa.

Na ce, "Fure kake so ko tsuntsu?"

Ya ce, "Da girmana?"

"To me kake so?"

"Abin da in dattijo ya gani ba zai kawar da kai ba."

Kwana biyu ina juya maganar. Sai Allah ya sa a makon Umma ta fito da kayan akwatin Baba tana shanyawa, a ciki har da wata tsohuwar babbar riga, saƙi shuɗiya mai aikin hannu da zaren tsamiya. Umma ta ce da ita aka ɗaura musu aure, kuma tun daga ranar bai ƙara sa ta ba. Aikin da ke ƙirjinta shi ake kira aska takwas, wato dogayen tsinaye takwas masu kama da wuƙa, ga kuma tambari a gefe, zagayen nan da ke naɗe kansa kamar gammo. Na tsaya ina kallo har Umma ta ce ko aljanun rigar sun kama ni. Na faki idonta na ɗauki hoto.

Mako uku na yi a kan takalmin. Na mayar da farin ya koma shuɗin baba mai duhu, na jera askar a gefe da launin tsamiya, ina ɗiga fentin ɗigo ɗigo da bakin tsinken sakace don ya fito kamar ɗinki, tambarin kuma na zaunar da shi a kan yatsu. Malam Hambali kuwa kullum yana hanya, wai ya zo duba inda aiki ya kai. Chinenye ta ce, "Malam, ko gini ake maka ai ba ka zo kullum ba." Ya ce hanyarsa ce. Daga Rijiyar Lemo zuwa makarantarsu, Sabon Gari ba ta kan hanya ko da adaidaita sahu ya ɓata.

Ranar da na gama, ya ɗaga takalmin yana ƙirgawa da yatsa, kun san malamin lissafi. Ya ce, "Takwas cif. Amma ta bakwai ta ɗan sunkuya."

Na ce, "Haka take a inda na gano ta."

Ya ce, "Ki bar ta. Ita ta fi burge ni." Ya faɗa yana kallon hannuna na hagu da ya yi dumu dumu da fenti. Kar ku tambaye ni abin da zuciyata ta yi, ku ma kun sani.

To, aka yi ta tafiya har Umma ta gano, don uwa ba a yi mata ɓoyon murmushin waya. Ta kai wa Baba, Baba ya ce ya zo ranar Asabar bayan La'asar. Ranar Juma'a da yamma na zauna na tsara wa Hambali komai ta saƙo, kamar mai shirya ɗan makaranta.

Na rubuta: "Farar shadda za ka sa, ba mai ruwan ƙasar nan ba."

Ya amsa: "To."

"Hula zanna, kar ka karkata ta. Turare kaɗan. In ya miƙo hannu kar ka karɓa, ka durƙusa."

"To."

"Kar ka gyara masa lissafi ko ya yi kuskure."

"Ko da babba ne?"

"Hambali."

"To."

Kun lura da abin da na manta? Ni da nake wuni ina kallon ƙafafun mutane, ni da na san Baba kamar yunwar cikina, na fara daga hula na sauko har wando na tsaya. Ko a raina ban kawo cewa mutum mai hankali zai haɗa farar shadda da kambas ya je gaban surukai ba.

Asabar ta zo da hadari a gabas. Tun azahar Umma ta sa na dama kunun aya, na soya cincin, aka turara falo har labule ya ɗauki ƙamshi. Na sa atamfata ruwan ganye da mayafi ruwan madara, duk da na san ba fitowa zan yi ba, don a gidanmu budurwa ba ta leƙa inda ake maganarta. Ina tagar kicin na ji sallamarsa. Na ɗaga labule kaɗan. Hula daidai. Shadda ta sha guga. Na sauke ido ƙasa.

Innalillahi. Shuɗin baba. Aska takwas.

Ya sunkuya ya kwance igiyar a natse, ya cire, ya jera su kai da kai a gefen ƙofa, har da ɗan share ƙurar kansu da hankici, ya shiga. Na fizgo waya na rubuta masa.

"Me ka sako a ƙafarka???"

"Abin da ya fi komai daraja a cikin kayana."

Ku ji fa. A wani lokacin wannan amsar za ta sa in yi kwana uku ina murmushi. A lokacin ji na yi kamar in shiga in maƙure shi. Na yi wuf zan fita in ɗauke takalman in jefa su bayan randa, sai ga gyaran muryar Baba a zaure. Na koma da baya kamar kazar da ta ga shaho.

Ya shigo da carbinsa, ya tsaya a inda ya saba tsayawa. Yawanci minti ɗaya ya ishe shi yanke hukunci. Jiya sai da na ƙirga numfashina har na gaji. Ya ciro gilashi daga aljihu ya sa. Ya sunkuya. Yayyafi ya fara sauka a bayan rigarsa bai ko motsa ba. Sai kawai na ga Alhaji Nasidi, mutumin da ko nasa takalmin ba ya ɗauka da hannu, ya kwashi takalmin baƙo ya rungume ya shiga da su falo.

Umma da ke bayana ta ce, "Yau kuma wane sabon salo ne wannan?" Na lallaɓa na tsaya bayan labulen ƙofar da ta haɗa falo da cikin gida, ita ma ta biyo ni, wai za ta janye ni, amma ta kasa kunne.

Ta ɗan tsagin labule ina hango su. Baba ya shimfiɗa jarida a kan teburin tsakiya ya ɗora takalman, kusa da jug ɗin kunun aya. Hambali na durƙushe yana jero gaisuwa, Baba na amsawa da "lafiya, lafiya" idonsa na kan tebur.

"Malam Hambali ko?"

"E, Baba."

"Lissafi aka ce kana koyarwa."

"E, Baba."

"To ƙirga min waɗannan."

"Takwas ne, Baba."

"Ka san sunansu?"

"An ce min aska takwas."

"An ce maka. Ka san inda ake sa su?" Baba ya dafa ƙirjinsa. "Nan. Nan ake sa su, a kan zuciya. Kai kuma ka ɗauko su ka shiga kwata da su, ka shiga kasuwa, wataƙila har banɗaki. Wa ya yi maka wannan aikin?"

Jama'a, tarko ne wannan. Baba ya tsani maƙaryaci fiye da komai. In Hambali ya ce a kasuwa ya saya, ya faɗi. In ya faɗi gaskiya, ni na faɗi. Ya ƙura wa kafet ido har na fara tunanin ko lissafin yake yi.

Ya ce, "Baba, na san wanda ya yi. Amma ba ni da izinin faɗa."

"Ba ka da izini."

"A yi min afuwa, Baba."

"Ka zo gidana neman 'yata, tambayar farko da na yi maka ka rufe min ƙofa. Haka za mu zauna da kai?"

"Baba, duk abin da ka tambaye ni a kaina zan faɗa, har wanda ba na so a sani. Wannan ba nawa ba ne."

Baba ya jinjina kai. Ya tattara carbinsa a tafin hannu, kuma duk wanda ya tashi a gidanmu ya san in ya yi haka addu'ar sallama ce ke tafe. Ya fara, "To, Malam, Allah ya haɗa kowa da..."

Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba. Umma ta cafki mayafina, na bar mata shi a hannu, na ja ɗankwali na rufe rabin fuska na zube a bakin ƙofa.

"Baba, ni ce."

Ruwa ya ƙara ƙarfi a kan kwano.

"Ni na yi. Ba jaka nake yi wa ado ba, takalmi ne, shekara biyu ke nan. Hoton nan da na taɓa nuna maka ma nawa ne. Shi ba ruwansa, kawowa kawai ya yi."

Na jira tsawa. Sai na ji Baba ya ce, a hankali, "Ai na sani tun a bakin ƙofa. So nake in ga wanda zai fara sayar da wani a cikinku." Ya juya ga Hambali. "Malam, tashi ka je. Za ka ji daga gare ni."

Hambali ya miƙe, ya ɗan kalli tebur.

Baba ya ce, "Waɗannan suna nan. Akwai silifas ɗina na alwala a bakin famfo."

Haka malamin lissafi ya fita daga gidanmu cikin ruwa, farar shadda, hula zanna, safa baƙa, da koren silifas na roba wanda aka ɗaure wari ɗaya da waya. Wallahi ina cikin tashin hankali amma sai da dariya ta taso min, na danne ta da tari.

Da muka rage mu biyu, Baba ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, tunda kina nan bayan labule, ɗauko min rigar nan." Umma ta kawo ta ajiye ta fice. Ya warware ta a kan kujera, ƙamshin kafur ya cika falon. Ya ɗora wari ɗaya na takalmin a gefen aikin.

"Matso. Wa ya ba ki izinin kai abin ƙirji ƙasa?"

Ban san inda na samo bakin ba. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Rigar nan ta fi shekara talatin a akwati, daga Umma sai kyankyasai ke ganinta. Takalmin nan kuwa wata bakwai yana yawo a Kano. Ɗalibansa sun tambaye shi sunan zanen. Akwai yaran da ba su taɓa jin an ce aska takwas ba sai a ƙafarsa."

Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi rashin kunya ba. Ya sa yatsa a kan tambarin rigar.

"Kin san duk tambarin da ke garin nan ta wannan gefen yake naɗewa?" Ya zana zagaye a iska. "Wannan kuwa ta can ya bi. Kin lura?"

"A'a, Baba."

"Ba za ki lura ba, don hannunki bai yi miki gardama ba da kike kwafa. Da na dama ne ya kwafa, da ya juya shi bai sani ba. Wannan aikin bahago ne, Surayya. Wancan ma aikin bahago ne."

Na ɗago na kalle shi. A rayuwata ban taɓa kallon Baba ido cikin ido haka ba.

Ya ce, "Kafin Kwari, shekara tara na yi a gaban wani malamin zanen riga a cikin gari. Mu muke zana aikin da tawada, maɗinka su bi da allura. In yana nan in riƙe alƙalami da dama, in ya fita in mayar hagu, don a nan hannun yake. Wannan ita ce riga ta farko da aka bar min ni kaɗai. Ina kan aska ta bakwai na ji takunsa, na yi sauri na mayar da alƙalami dama. Shi ne ta sunkuya." Ya ɗan yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Aka ɗinke, aka kai wa mai ita. Wani a fadarsa ya ce tambarin a juye yake, aikin hagu ne, ba alheri. Aka dawo da ita. Malam ya jefe ni da ita a gaban yara ya ce in je in nemi sana'ar da ba ta son hannu. Na tafi Kwari na fara dakon dilolin yadi."

Umma ba ta taɓa gaya mana ba. Ba wanda ya taɓa gaya mana. Ni dai na tashi na ga Baba da sandar awo da almakashi, na ɗauka da su aka haife shi.

Ya miƙo hannu ya kamo hannuna na hagu, ya juya shi yana duba bakin farcen, inda shuɗin fenti ya maƙale duk wankin da na yi.

"Duk carbin da hannun nan ya sha, ba don na ƙi shi ba ne. Tsoro nake kar wata rana a jefe ki da aikinki a gaban mutane."

Nan fa hawayen da nake riƙewa tun La'asar suka ɓalle. Na yi kuka sosai, irin mai majina, ba irin na 'yan gayu ba. Baba ya ce, "To, ya isa, kar ki jiƙa min riga, ta tsira daga kyankyasai."

Ya zare biro daga aljihu, ya yage bayan kalandar da ke bango. Ya riƙe biron da dama, ya tsaya. Sai ya waiwaya ya kalli ƙofa kamar yaron da zai saci nama a tukunya, ya mayar da shi hagu. Da farko hannun na rawa. Layi na biyu ya daina. Ina durƙushe ina kallo, Babana ya jero aska takwas a bayan kalanda, kowacce a miƙe kamar an sa mata ma'auni, ya naɗe tambari ta gefen da nawa ke naɗewa.

Ya ce, "Haka ta bakwai ya kamata ta tsaya. Shekara arba'in tana ci min rai, ke kuma kin kwafe ta har da sunkuyon, kin ba wani ƙato yana nuna wa gari."

"Ya ce ita ta fi burge shi, Baba."

"Ya ce haka?" Ya mayar da biron aljihu. "Ya dai iya jera takalmi, wannan ba zan hana shi ba. Kuma bakinsa na da marfi." Sai ya haɗe rai, ya koma Alhaji Nasidin da na sani. "Kar ki ga na yi zane ki ɗauka na yarda. Ban ce komai ba tukuna, a kan shagon ko a kan malamin. Gobe Lahadi, ƙawar taki tana coci. Litinin da safe ki shirya, tare za mu je. Sai na ga wurin da idona, na ga irin ƙafafun da ke shigowa."

Ya naɗe rigarsa, ya kwashi takalman ya shige ɗakinsa.

Na sanar da Chinenye, ta turo min saƙon murya tana cewa yau daga coci shago za ta wuce ta yi shara, har silin sai ta goge, kuma za ta gaya wa maƙwabcinta mai sayar da sifika ya kashe kiɗa ranar Litinin ko su ɓata. Hambali kuma hoton ƙafarsa ya turo cikin koren silifas, ya rubuta: "In dawo da su, ko in jira a neme ni?" Na ce ya jira. Ya ce, "To." Can ya ƙara: "Takalmina fa?" Na ce ban sani ba, kuma da gaske ban sani ba.

Sai ɗazu da hantsi ina wanke wanke, takardar kalandar na ninke a cikin ɗankwalina don na kasa rabuwa da ita, Umma ta zo ta tsaya a kaina tana gyara ɗaurin zani. Ta waiga hagu ta waiga dama, ta rage murya.

"Ke, yaron nan lamba nawa yake sawa?"

Na ce, "Arba'in da uku. Lafiya, Umma?"

Ta ce, "To ki fara nema masa wani. Babanki ma arba'in da uku yake sawa, kuma tun da ya karya ya kulle ɗaki, ina jin takunsa yana kaiwa yana komowa a gaban madubi."